Ɗauraya Uku a Baƙin Gurbi

Ranar Alhamis ce, a bazarar da aka cika shekara biyu da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Sunana Armiya'u, duba-gari ne ni a Zurmi. Shekara goma sha huɗu ina leƙa salga da rijiyoyin mutane, har hancina ya daina ƙorafi.

Takarda ta zo cewa a Tungar Kaiwa, can gaba da Birnin Tsaba, mutane na fama da amai da ciwon kai, wasu har hannuwansu na rawa, kuma duk bayan sun ci kifi. Ga shi ran Asabar za a yi su, wato kamun kifin gayya, a Baƙin Gurbi, inda gulbi ya janye ya bar ruwa mai zurfi. Ƙauyuka bakwai ne za su shiga da homa da gora. Aka ba ni kwalabe uku in ɗebo ruwa a aika Gusau, aka ce kuma ni zan faɗa ko a yi sun ko a fasa.

Ba zan ɓoye ba, na yanke hukunci tun kafin in tayar da babur. Na sha aika ruwa, amsa ba ta dawowa sai an manta da tambayar. Amai kuwa ba baƙo ba ne a bazara. Niyyata in cika kwalabe, in ce a yi su, in koma gida in miƙe bayana. Na gaji da aikin, na gaji da hanya, na gaji da kaina.

Sau biyu taya ta yi faci, ban isa ba sai la'asar sakaliya. A bakin gari na ga wani masunci da ƙatuwar tarwaɗa, na tuna matata Hannatu, cikinta wata bakwai, mako guda tana yi mini mitar farfesun kifi. Na karɓa na ɗaure a bayan babur. Wanda aka aiko binciken kifi ke nan, sai ka auna yadda na ɗauki zancen.

Sarkin Ruwa Maccido tsoho ne mai jajayen idanu da ƙarancin magana. Ya ce in kwana, a ɗebi ruwan da safe. Na ƙi. Ya ce a da kowace shekara shi kaɗai yake zuwa ya gai da mai gurbin kafin su, kuma daga su zuwa su ko ƙugiya ba mai jefawa. Da malamai suka yi wa'azi ya tuba ya bari, shekara biyu ke nan. Ban tambaye shi yadda ake gaisuwar ba, don ban zo sauraron tatsuniya ba.

"In ka tahi, Malam, ɗebi sau guda ka taso," ya ce. "Sau guda."

Na ce to. Ya tafi alwala, ni na gangara.

Rana ta yi ja lokacin da na jingina babur a jikin wata giyayya. Ruwan baƙi ne, a kwance, ko motsi ba ya yi. Ba kukan kwaɗo, ba tsuntsu, ko sauro babu. Sai wari. Ba warin laka ba, irin warin ɗakin da ake ajiye maganin feshin gona, gauraye da na ruɓa.

Na durƙusa na buɗe kwalba ta farko. A makaranta an koya mana a ɗauraye kwalba sau uku da ruwan da za a ɗiba, a zubar a kan yashi, ba a cikin ruwan ba. Na yi haka ya fi sau ɗari. Hannuna ne ya yi aikinsa, maganar tsoho ko faɗo mini ba ta yi ba.

Na ɗiba na zubar. Na sake. Na sake na uku.

Yashin ya shanye da wani sauti kamar ajiyar zuciya. Na cika kwalbar, na murɗa marfi, na liƙe.

Sai na ji tari.

Wani tsoho ne zaune cikin ruwan, ya kai masa ƙirji, kamar taku goma daga inda nake. Ban ga zuwansa ba, ruwan kuma bai motsa ba. Gemunsa na ɗiga, ɗigar ba ta tsayawa. Kafaɗunsa duk gyambo, fatar ta saɓule fara fat.

"Shekara biyu ba a yi kira ba," ya ce a hankali. "Yau an yi. Mi aka zo da shi?"

Na nemi sallama a bakina na rasa. Da kyar na ce ni ma'aikaci ne, ruwa na zo dubawa.

"To duba."

Bai taso ba. Hannunsa ne kawai ya iso.

Ya kama wuyan hannuna na dama ya tsoma cikin ruwan har kafaɗa. Sanyi ya ratsa ni har haƙori. Yatsuna suka taɓa abu mai laushi. Cikin kifi. Wani a kan wani, jibge a ƙasa, suna narkewa a tafina. Ya ƙara dannawa. Ƙarƙashinsu na ji bakin gwangwani. Ɗaya, biyu, da yawa.

Ya ce da asuba wasu mutane suke zuwa, su tuttula maganin feshi, su kwashe wanda ya taso su kai kasuwa, su bar masa saura. Ba faɗa a muryarsa. Gajiya ce, irin tawa, sai dai ta fi tawa tsufa.

"An ce a bar tsorona, a ji tsoron Allah. Ni na yarda. To, sun ji?"



Ya juya kai wajen giyayyar, wuyansa ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara.

"Wancan da ka ɗamre ga babur, na Hannatu na?"

Ban faɗa masa sunanta ba.

"Ɗiyana sun sha. Naka ma shi sha?"

Ya ja. Gwiwoyina suka shige cikin gurbin. Ruwa ya kai haɓata. Warin ya cika maƙogwarona. Ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana kuɓuce mini a tsakiya, ina komawa farko.

Ruwa ya taɓa leɓena.

"Ba za a yi su ba," na ce. Ban san ko murya ta fita ba. "Wallahi ba za a yi ba."

Daga can gari ladan ya ɗaga kiran magariba. Riƙon ya sassauta. A lokacin aka fizgo wuyan rigata ta baya, na faɗi rigingine a kan yashi ina kakari.

Maccido ne, yana haki. Ruwan ya koma shiru, ba kowa. Bai dubi gurbin ba, wurare ukun da suka jiƙe a yashi yake kallo.

"Wa ya koya maka wanga?"

Na ce a makaranta.

"Hakanan nike kiran shi. Uku, bisa rairayi." Ya yi salati, ya sa ƙafa ya shafe su.

Tarwaɗar nan muka haƙa rami mai zurfi muka binne. Washegari da hantsi, gaban jama'a, na cika sauran kwalabe biyun ba ɗauraya, na ce an fasa su, kada kuma a ci kifin gurbin. Na sha zagi. Mutane sun gyara homa, mata sun tanadi itacen banda, ga wani ɗan duba-gari ya zo ya hana ba ko takarda a hannu. Maccido ya tashi a masallaci bayan Juma'a ya ce bakinsa da nawa ɗaya, ya sa aka riƙa gadin wurin. Kafin damina ruwa ya ƙara janyewa, aka tsamo gwangwanin maganin feshi arba'in da ɗoriya. Masu zagi suka yi tsit.

Hannatu ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba saboda farfesunta. Ban gaya mata dalili ba. Ta haihu lafiya, mace, muka sa mata Salima.

Bayan suna da mako biyu amsar Gusau ta iso. Kwalba ta biyu da ta uku akwai guba, kada a ci kifin. Ta farko kuwa, an rubuta a ƙasa da biro, ta iso a liƙe yadda na liƙe ta, amma ba ko ɗigo a ciki.

Har yau in magariba ta yi hannuna na dama yana ɗaukar sanyi har kafaɗa, ko da bazara ce. Salima ta girma, ita ke kawo mini ruwan sha. Tana yi mini dariya wai Baba bai iya wanke kofi ba, don in na ɗauraye sau biyu sai in tsaya.