Farin Mayafi a Kaburburan Velsa

Sufeto Belardi yana tsaye a shagon kofi aka kira shi: wata mata mai suna Nives ta ɓace a tsohuwar maƙabartar bayan garin Velsa. Ya leƙa sama, ya ga hadari ya haɗo daga wajen teku. Ya bar kofin a cike.

A garin aka haife shi, ya san wurin. Ɗaruruwan ɗakuna ne da Etruskawa, mutanen zamanin da, suka sassaƙa a ƙarƙashin dutse don matattunsu. In aka yi ruwa, duk na kan tudu cikinsu yake gangarawa.

Da ya isa, ya tarar da manyan mutane, har da masu furfura, sanye da fatu, riƙe da takubban roba. Duk kaka sukan yi hayar filin su yi wasan mayaƙa da bokaye. Belardi bai taɓa gane abin da ke sa likita guda ya kwanta a ƙasa don an taɓa shi da roba ba, yau kuma ba shi da lokacin ganewa.

Mijin matar, Fausto, ya taro shi cikin sulken kwali.

"Yaushe rabonka da ita?" in ji Belardi.

"Da tsakar rana, yallaɓai. An ci ta a yaƙi. Wanda ya mutu a wasa yakan lulluɓa farin mayafi ya tafi tantin matattu, ba magana. Mu kuma doka ce, ba a kallonsa."

"Ina ta nufa?"

"Ta gabana ta wuce. Na kau da kai."

"Wayarta fa?"

"Tana tanti. Ba a shiga wasa da waya."

Wanda ya kafa dokokin, shugaban wasan, shi ne Gualtiero, dogo mai tattausar murya. Ya ce tun safe bai bar tantinsa ba.

"Ina ne ba a duba ba?" in ji Belardi.

"An duba ko'ina."

"Kurmin can fa?"

"La'anannen wuri ne a labarinmu, mai rai ba ya shiga. Amma ni da kaina na duba. Ba kowa."

"Kai da ba ka bar tanti ba?"

"Bayan ta ɓace nake nufi, yallaɓai."

Aka yi tsawa. Belardi ya bi 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, kowa amsa guda: mai farin mayafi ba a kallonsa. Ransa ya ɓaci, hankalinsa ya ƙara tashi. Mutane cike da fili, an koya musu makanta, kuma sun iya.

Sai wata tsohuwa mai shigar mayya, Imelda, ta ja hannun rigarsa.

"Ɗana, ni fa ina kallo. Na girmi uwar Gualtiero, ba shi zai hana ni idona ba."

"Me kika gani, Baba?"

"Farin mayafi biyu sun shiga kurmi. Na baya Nives ce, hanya ta yanke, ai la'ana ba ta kama matacce. Na farkon ne kaɗai ya fito."

"Wane ne?"

"Fuska a rufe take. Amma mu duk takalmin fata muke sawa irin na mutanen da. Wannan gawar kuwa da takalmin leburori take yawo."

Ruwa ya fara sauka. Belardi ya tuna yadda maganar Gualtiero ta ci karo da juna, ya sa aka buɗe motarsa. Ga takalman nan, jar laka ba ta bushe ba. Kusa da su wani dogon ƙarfe mai tsini da mariƙi a gicciye.

"Mashin wasa ne," in ji Gualtiero.

"A wasan da ake faɗa da roba? Tun ina yaro na san ƙarfen nan. Da shi ɓarayin kabari ke caka ƙasa su ji inda rami yake. Ka la'anci kurmi don kowa ya kauce, ka lulluɓa mayafi don kada a kalle ka."

"Ina son lauya."

"Za ka samu. Amma dubi sama. Yanzu laifinka tonon kabari ne da tsare mutum. In ruwan nan ya ƙara ƙarfi, kisan kai ne. Akwai ramuka a kurmin can da ba zan gama dubawa yau ba. Tana ina?"

Ruwa yana dukan rufin motar.

"Ta gan ni ina fito da tsofaffin tukwane daga kabari," in ji Gualtiero. "Na tura ta ciki na ja dutse. Wallahi da niyyar in dawo..."

"Wuce gaba!" in ji Belardi.

Suka ruga, mayaƙa da bokaye na biye. Bayan wani kututture, ruwa yana kwarara ta gefen wani faifan dutse. Maza suka sa ƙarfen suka ɗaga shi da ƙyar.

"Nives!" Fausto ya ƙwala kira.

Shiru. Sai tari.

Ruwan ya kai mata ƙirji. Ta hau gadon dutsen da ake kwantar da gawa, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Aka jawo ta tana karkarwa, mayafin manne a wuyanta. Ta dubi mijinta.

"Yanzu kana ganina?"

Fausto ya durƙusa a laka ya rungume ƙafafunta yana kuka.

Belardi ya sa wa Gualtiero ankwa. Nives ta cire jiƙaƙƙen mayafin ta yafa masa a ka.

"Ku dai ku saurare ni," in ji Gualtiero. "Imelda! Likita! Shekara nawa muna tare?"

Sufeto ya ratsa da shi ta tsakiyarsu har mota. Ba wanda ya ɗaga ido, har tsohuwa Imelda.