Muryar da ke Cikin Allon Halliru

"Aje shi sannu, ba hwaranti ba na."

"Hwaranti ya hi shi amhwani, ko tuwo a zuba ciki."

Halliru ya ɗaga kai. Doguwar yarinya ce da mayafi ruwan toka. Ta dire tabilet ɗin a kan teburinsa, a bakin kasuwar Goronyo.

"Babana yac ce in maido maka. Mutumen da ke magana ciki sauri shikai awa an koro shi. Kahin Baba ya ji ranar da za a saki ruwa, ya ƙare."

"To ke ki yi mishi, tunda kin iya."

"Da ni ta, da ya ji."

Ta juya ta tafi. Sai da ta ɓace cikin masu albasa ya tuna bai tambayi sunanta ba.

Halliru ɗan Wurno ne. Da ya gama sakandare ya samu aiki da Tsinkaye, wani ƙaramin kamfanin manhaja. Ɗaki ɗaya ya kama kusa da dam, daga shi sai tabarma da babur. Yakan yi sallar isha bai yi hira da kowa ba tun safe.

Shugabansa, Oga Rufus, ya sha faɗa masa dabarar. "Manyan kamfanoni sun cika Sakkwato da tabilet masu arha, ba za mu kai su a farashi ba. Mu bar musu birni. Mu je inda babu netwok, inda manomi ba ya karatun boko. Namu ya yi magana, ya faɗi ranar sakin ruwan dam da yadda albasa ke tashi a kasuwa."

Manoma suka sa wa abin suna allon Halliru, don shi ke zagawa da babur yana zuba masa sabon bayani. Amma maido shi suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Da ya ba Oga Rufus labarin yarinyar, sai ya ce, "Nemo ta."

Ruƙayyatu ce sunanta, 'yar Malam Abdulƙadiri mai lambun albasa a Kagara. Mahaifiyarta ta rasu, su biyu ne a gidan. Halliru ya durƙusa ya mayar masa da allonsa, ya nemi izini a sa muryarta cikin allo. Malam ya dubi nasa allon, ya ce, "A sa. Ko na ji abin da aka hwaɗi."

A ajin Malama Justina, wata malamar firamaren garin, aka riƙa ɗaukar muryar bayan an tashi makaranta. Ruƙayyatu takan fara a hankali: "Barka da asuba, manomi. Mi kaka son ji yau?" Halliru yakan manta ya danna maɓallin tsayawa.

"Mai Allo, ka yi kwana?"

"Ina aiki."

"Aikin kallo?"

Ranar ya tura mata saƙo: "Na koma ɗaki. Shiru ya yi yawa. Na kunna ki."

Ta amsa: "Allo kak kunna, ba ni ba. Ni sai an zo zaure an yi sallama."

Ya zo, ya kuma zuwa. Ya fara kiranta Sanyina, ita ba ta sauya masa daga Mai Allo ba.

Dabarar ta ci. Daga Kagara har Rabah da Marnona, manoma suka riƙa neman allon. Wanda abin ya taɓa shi ne Mu'azu, dillalin tabilet ɗin wani babban kamfani a Achida, wanda shi ma ya taɓa aika wa gidan Malam da goron neman auren Ruƙayyatu aka yi shiru. Bayan sallar Juma'a ya tari Malam cikin mutane.

"Baba, barka. Ashe ɗiyarka ta ke tada maza da sahe dut ƙasag ga? Har ƙarƙashin matashi wasu ka aje ta."

Malam ya wuce gida. Shi a zatonsa cikin allonsa kaɗai aka sa muryar. Da yamma ya tsayar da Halliru a ƙofar zaure.

"Ɗiyata ba zabiya ba ta. Kada in ƙara ganin babur ɗinka nan."

Saƙonta ya biyo baya: "Ka san kowa zai ji, ba ka hwaɗa mishi ba. Mai Allo, ni kaka so ko muryata?"

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da ya iya turawa shi ne: "Ke." Ba ta amsa ba.

Makonni suka wuce. Duk lambun da ya shiga, muryarta ke gaishe shi daga bakin kwalbati, ita kuwa ba ya ganinta.

Wata rana da azahar ya bi ta gefen lambun Malam. Daga cikin rudu, rumfar karan da ake adana albasa, ya ji gaisuwar. Ta ƙare, aka sake kunnawa. Ya leƙa. Dattijon na zaune shi kaɗai, allon a kan gwiwarsa, gemunsa a jiƙe.

Halliru ya yi sallama zai juya.

"Zamna," in ji Malam. Halliru ya zauna. "Muryar Mairo ta, uwatta. Haka taka gaishe ni da sahe. Sai in bi gonar wani in ji matata na gaishe shi. Ba maganar Mu'azu ta dame ni ba, yaro."

Halliru ya tura wa Ruƙayyatu abin da ya gani, ya ce: "Muryarki ta. In kin yarda, in cire ta ko'ina."

Wannan karon ta amsa: "Aikinka hwa?"

"Ke."

"Cire. Ka bar ma Baba ita cikin allonshi."

Da Halliru ya faɗa masa, Oga Rufus ya dafe kai. "Wannan muryar ita ce duk abin da muka fi su da shi! In manoma suka koma wa Mu'azu, zan rufe teburin Goronyo."

"Na sani, Oga."

Inno, gwaggon Ruƙayyatu, ita ta karɓi aikin, da muryarta mai kaushi da faɗa. Halliru ya bi lambu lambu yana sauyawa. Wasu suka yi dariya suka ce Inno ta fi tsoratar da su su tashi ban ruwa, wasu suka maido allon. Kamfanin bai rufe ba, amma aikin Halliru ya koma ranar kasuwa kawai. Sauran kwanakin Malam ya yanka masa kwami, ɗan filin shuka, a gefen lambunsa, ya koya masa dashe.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure a Kagara. Oga Rufus ya zo da babbar riga ta aro. Malam ya haɗa hannayensu, ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zama lahiya. Halliru, ka riƙa magana da ita, shirunka ya yi yawa."

Da aka kai ta ɗakin da ke kusa da dam, ta dubi tabarma da babur ta yi murmushi.

"Mai Allo, nan kaka kunna ni?"

"Nan, Sanyina."

"To yanzu sai ka amsa."

Da safe, a Kagara, Malam Abdulƙadiri ya dawo daga masallaci. Babu hayaƙi a madafa, babu ƙarar tsintsiya a tsakar gida. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗauko allon da ba a sauya wa murya ba, ya danna.

"Barka da asuba, manomi. Mi kaka son ji yau?"