Nisan Da Ya Cinye Muryar Zulfa

A kasuwar Gidan Amumune Zulfa ta tsaya a gaban Rayyanu da tsohuwar waya a hannu.

"Malam, kai ne mai kafa ƙarfen rezo, na sadarwar waya? Mu can rijiyarmu bayan Issawane, sai an hau tudu kira ke fita."

Rayyanu ya zana mata layi a ƙasa. Ya ce ko babu dutse ko itace a tsakani, nisa kaɗai na cin sigina. In nisan ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ke saura.

"Ashe nisa ɓarawo ne," in ji Zulfa tana dariya. Dariyar ta bi shi har gida.

Daga kan tudu take rubuto masa: "Mai lissafina, yau nawa ka rage?"

Da Rayyanu ya nemi aurenta, mahaifinta, Almustapha, ya ce ba zai ba ɗan birni ɗiyarsa ba, ga ɗan ƙanensa Sufyan yana jira.

Sai aka ba Rayyanu zaɓen wurin sabon ƙarfe. In ya matso da shi arewa, rijiyarsu Zulfa ta samu, ƙauyuka huɗu da asibitinsu su rasa. Ya sake lissafin, ya kuma sakewa, yana fatan ya yi kuskure. Bai yi ba. Ya kafa shi kudu.

Da damina ciwo ya kama mahaifiyar Zulfa. Ruwa ya raba su da tudun, kira bai fita ba. Kafin amalanke ya kai hanya ta rasu.

"Lissafinka ya yi daidai," Zulfa ta rubuto. "Inna ta tafi."

Rayyanu ya je ta'aziyya, ya durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ni na zaɓi wurin."

Almustapha ya dube shi. "Ka san ɗiyata na nan, ka zaɓi can?"

"Na sani."

"Da wani ne da ya yi mini ƙarya. Tashi, kwanan uwarta ne ya ƙare."

Zulfa kuwa ba ta sake rubuto masa ba har kaka. Ranar da ta kai ƙanwarta asibitin ƙauyukan nan huɗu, ta ga wata mata ta kira mota a waya, motar ta zo. Ta koma bayan katanga ta yi kuka, sannan ta rubuta: "Ban huce ba. Amma ka zo."

Almustapha ya amince, aka ɗaura aure ba kiɗa, dattawa suka sa albarka. Da aka kawo ta gidan Rayyanu, ta ce a hankali, "Kai ka ce nisa ke cinye murya. Matso."