Baƙin Fenti a Ƙarƙashin Motar Alhaji Sabo

Kai ma ka san motar. Kowace ranar kasuwa kana ganinta a tashar Birnin Kudu, gindinta yana jan ƙasa, kana kawar da kai.

Ranar da ta karye gida biyu a hanyar Dingaya, Sufeto Ikrima ya tarar da riɗi a watse cikin jini, an lulluɓe Hapsatu mai daddawa da zanenta. Ƙaramar a-kori-kura ce ƙirar Amurka, irin wadda aka ƙera don manomi ɗaya da ɗan kayansa. Sai sun tsufa a can ake loda su a jirgin ruwa a kawo mana.

An riga an kulle direban, Ɗanbala. Kowa ya ce gudu ne.

"Wane gudu, Yallaɓai?" in ji Ɗanbala. "Motar da jaki ke wucewa? Rami na faɗa, na ji ƙas, sai na ga baya ya tsaya, ni ina tafiya."

Ikrima ya taka burki, ya ji yana ci. Tayoyi lafiya lau. Sai ya kwanta ya leƙa shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya. Baƙin fenti ne sabo fil. Ya karce da makulli, ƙarfen ya zubo masa a fuska kamar garin ƙuli-ƙuli. Ya san ciwon: a can Amurka gishiri ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarfe. An toshe ramukan da siminti, an shafe.

Ya nufi Gwaram wurin Musaddiq mai walda, wanda ke yi wa motar gyara.

"Kai ka gyara ta?"

"Sifirin na ƙara mata, ƙarafan da ke tallafe nauyi, don ta ɗauki kaya. Shasin kam na ƙi. Wuta ba ta kama tsatsa."

"Mai motar ya sani?"

"Na gaya wa Alhaji Sabo, kan damina. Ya ce in ba zan iya ba, in iya bakina."

Da Ikrima ya kai masa maganar Musaddiq, Alhaji Sabo ya yi dariya. "Ni ɗan kasuwa ne, Sufeto, ina na san ƙarfe? A haka na saye ta. Yaron nan haushi yake ji don na daina ba shi aiki."

Baki biyu, babu shaida. Ikrima ya tafi asibiti wurin Dada, tsohuwar da ta tsira da karaya.

"Inna, yaya aka yi Hapsatu ta zauna daidai inda motar ta karye?"

"Ai ba wurinta ba ne, ɗan nan. Hajiya Barira ce a wurin, matar Alhaji. Ya zo da sauri ya sauko da ita, ya ɗora ta a kan acaɓa. Hapsatu har da cewa yau ta yi sa'a."

Ikrima ya tambayi masu lodi. Tun damina Alhaji bai sake ɗora buhun riɗinsa ko ɗaya a motarsa ba, haya yake ɗauka. Ikrima ya koma wurin Alhaji.

"Wanda bai san ƙarfe ba ba ya sauko da matarsa," in ji Ikrima. "Ka tsare riɗinka, ka tsare iyalinka, ka sayar wa sauran mutane kujera."

Ya tasa ƙeyar Alhaji zuwa ofishin 'yan sanda.

Kafin la'asar an ba da belinsa. Musaddiq ya ce shi bai tuna komai ba. 'Ya'yan Dada suka ce tsohuwa ce, ta ruɗe. Masu lodi suka ce a wurin Alhaji suke cin abinci. Ɗanbala yana nan a tsare, shi za a kai gaban alƙali da laifin ran Hapsatu. Ƙanwar motar kuwa, ɗaya a-kori-kurar Alhaji mai irin baƙin fentin, tana tasha tana lodi.

Tasha cike take ranar da aka sauko da Hajiya Barira. Kana wurin. Kada ka ce mini ƙaddara ce. Tashi ka je wurin Ikrima ka faɗi abin da ka gani. In ka biyo ta tasha, durƙusa ka karce fentin nan a gaban kowa.