Jifan Lantana

Can a wani zamani, an yi wani saurayi mai koyon aikin malamin motsa jiki. Ranar jarrabawa, tsohon malaminsa ya tara yara, ya ce, "Zaɓi wasan da kowa zai shiga."

Saurayi ya ce a yi tsere. Lantana, wata yarinya mai dogara sanda, ta koma gindin bishiya. Ya ce a yi tsallen igiya. Lantana ta sake komawa gindin bishiya. Sai gumi ya karyo masa.

Ya je ya durƙusa. "Lantana, wane wasa kike so?"

"Malam, kowa ya zauna, mu yi jifa da ƙwallo."

Aka zazzauna. Jifan farko, Lantana ta same shi a hanci.

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. "Ɗana, ka ci jarrabawa. Je ka wanke hancinka."