Zanzibar da Damina

“Da damina za mu je?” na tambaye shi ina dariya. “Suhaibu, amarya za ka kai bakin teku a sha ruwan sama?”

“Ki saurara mana, habibti. Abokin aikina ɗan Zanzibar ne, ya ce daga Afrilu zuwa Mayu baƙi janyewa suke, farashin ɗaki ya faɗi warwas. In ruwan ya ɗauke kuwa, tekun naki ne ke kaɗai.”

Muna zaune a falonmu da ke unguwar Shisha a Makka bayan la’asar, yayana Bandar yana gefe yana danna waya. Saura ƙasa da wata biyu a ɗaura mana aure. Suhaibu ɗan Damagaram ne, yana gyaran na’urar sanyaya ɗaki a wani otal a unguwar Jarwal. Ni kuwa a Makka aka haife ni, kamar iyayena. Iyakar tekun da na sani shi ne na Jidda, shi ma daga bayan shinge.

“Ba a babban otal za mu sauka ba,” ya ci gaba, idanunsa na ƙyalli. “Masaukin da ke layi ɗaya a bayansa, yashin dai ɗaya ne. Da safe mu sayi kifi hannun masunta, a gasa mana. Babu tasi, motar haya za mu shiga tare da mutanen gari. Kwale-kwale kuma a haɗa kai da wasu a raba kuɗin.”

“Ka rage komai, saura iskar da za mu shaƙa.”

“Jirgi ma mai tsayawa a Addis na kama, ya fi sauƙi. Jaka ɗaya kowa, kada ki kwaso mini kantin turare.”

“Ɗayyib, na ji. To wace rana za mu dawo? Ka san dole in shirya wanda zai zauna da Ummi.”

Ya ɗauki kofin shayi, ya ajiye bai sha ba.

“Suhaibu?”

“Manar… kamfani ba zai sabunta mini iƙama ba, takardar zamana a ƙasar nan. Bizar fita ta ƙarshe za su buga mini bayan biki. Daga Zanzibar gida za mu wuce, Damagaram.”

Bandar ya ɗago kai. Ni kuwa na zuba wa Suhaibu ido.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun watan jiya. Na yi ta neman wani kafilin da zai tsaya mini in ci gaba da zama, ban samu ba. Na so in fara nuna miki teku kafin in faɗa miki.”

“Ka zauna ka yi tunanin kifi da kwale-kwale, ba ka yi tunanin makauniyar da ke cikin ɗakin can ba?”

“Na yi, wallahi na yi…”

“Khalas, ya isa. Tashi ka tafi.”

Ciwon suga ne ya cinye idanun Ummi, mahaifiyarmu. Tun rasuwar Abbanmu ni ce idonta, ni ke auna jininta, ni ke yi mata allura. Bandar direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanyar Riyad fiye da gida.

Ashe ta ji komai. Ina shiga ɗakinta ta lalubo hannuna.

“Za ki bi mijinki, Manar.”

“Ummi, ba mijina ba ne tukuna.”

“Zai zama. Kakarki a ƙafa ta bar Sakkwato ta biyo nata mijin. Ni ba kaya ba ce da za ki zauna gadi. Gobe ki koya mini allurar nan.”

Na ƙi, ta dage, ta yi mini fushi har na koya mata. Ta riƙa juya alƙalamin allurar a kusa da kunnenta tana sauraron ƙararsa, kuma ta iya. Maƙwabciyarmu Inna Talatu ta ce za ta dinga leƙowa. A hankali zuciyata ta fara sakewa. Na kira Suhaibu na ce masa, “Ka ce jaka ɗaya ko? To turarena a taka jakar zai shiga.” Sai na ji yana kuka a waya, ƙato da shi.

Ranar Alhamis na fita gwajin rigar biki, Ummi ce ma ta kore ni. “Je ki, yau ni zan yi wa kaina komai, ki dawo ki gani.”

Na dawo kafin azahar na same ta a ƙasa tsakanin gado da bango, zufa ta jiƙa ta, bakinta ya karkace. Ta yi allurar, ta manta, ta sake yi. Abincin da na ajiye mata yana nan a rufe.

A asibiti likita ya ce da na ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Suhaibu ya iso da kayan aikinsa a jiki, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya a ƙofa yana kallon Ummi, tana farfaɗowa tana kiran sunana, ba na kowa ba.

Muka fito baranda. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

“Kada ki faɗa, Manar. Bari ni in faɗa, don kada ki rayu kina ganin ke kika yanke.” Ya sauke hannun. “Ba zan ɗauke ki daga gare ta ba. Ni ma tawa uwar tana can tana jirana, na san abin da ake nufi.”

“To a ɗaura, ka tafi, in jira ka.”

“Har yaushe? Ban san ranar da zan sake samun biza ba. In ɗaure ki da igiya daga wata ƙasa, kina nan kina tsufa a bakin waya? Ina son ki fiye da haka.”

“Ni ban roƙe ka ka tausaya mini ba…”

“Na sani, nurul ƙalbi. Ni ne ba zan iya ba.”

Na jingina da bango na yi kukan da ban taɓa yi ba. Bai taɓa ni ba, ba shi da ikon haka. Ya dai tsaya kusa har na gaji.

Ranar tafiyarsa Bandar ya kai ni tashar mota ta Kudai. Motar Jidda tana ɗumama, mahajjata suna ta jan kaya. Suhaibu ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

“Ki gaida Ummi. Ki ce mata ban riƙe ta da komai ba.”

“Ka yi aure, Suhaibu. Kada ka zauna saboda ni.”

“Ke ma.”

Mu duka mun san ƙarya muke wa juna. Ya hau, ya zauna a ɓangaren da ba zan gan shi ba. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Da na koma gida na tarar da Ummi zaune a bakin gado, ta sa hijabinta kamar mai jiran baƙo.

“Ya tafi?”

“Ya tafi, Ummi.”

Ta miƙo hannu tana shafa fuskata, yatsunta suka tsaya a kan hawayen.

“Na so in iya, ’yata. Allah ya sani na so in iya. Ki yafe mini.”

Na durƙusa na kwantar da kaina a cinyarta. “Babu abin yafewa,” na ce. Ta ci gaba da shafa kaina, muna kuka mu biyu, har aka kira la’asar babu wadda ta iya tashi.