Abokin Tuƙin Illo

Rana na shirin faɗuwa Illo ya baro Gabi da lodin gyaɗa, ya ɗauki hanyar Madarumfa zai wuce Maradi. Shi kansa ya manta ko sahu na nawa ke nan tun jiya.

Zamanin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ke tashe. Da kaka ta yi, kowane attajiri so yake buhunansa su riga na wani hawa sikeli. Illo direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a gidan Alhaji Shu'aibu na Maradi, mutumin da bai taɓa tambayar direba ya ya kwana ba, sai dai ya ya mota ta kwana.

Da can mutum biyu ke shiga kowace mota. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na barci. In ka gaji abokinka ya karɓe ka, in shi ya gaji kai ma ka karɓe shi, ko kana so ko ba ka so. Ka'idar direbobi ce, kuma ba mai taka ta. Abokin tuƙin Illo shi ne Mato, wani mutumin garin Sarkin Yamma mai yawan dariya. To bana sai Alhaji ya wayi gari ya ce baki biyu a mota ɗaya ɓarna ce, ya sallami Mato da ire-irensa. Direbobi suka yi gunaguninsu a garaji, suka je suka durƙusa gabansa. Ya ce wanda ya gaji ya ajiye makulli, ga samari nan birjik suna jira. Haka suka miƙe suka kakkaɓe gwiwoyinsu, kowa ya koma motarsa.

Ita kuwa motar Illo, Allah ya kyauta. In ta mutu, sai an tara ƙarti an tura ta. Ya roƙi a gyara har bakinsa ya gaji, kullum amsar ɗaya ce: sai bayan kaka. Don haka ba ya kashe ta a hanya. Salla ma yana yi inji na ruri a bayansa. An kwana biyu rabon haƙarƙarinsa da tabarma. Goro ya daina yi masa aiki, marin kansa da yake yi ma ya daina zafi. Wallahi a wannan yammacin da za a ajiye masa jakar kuɗi da matashin kai, matashin zai ɗauka.

Da ya kusa tafkin Madarumfa iska ta sauya. Ƙamshin ƙasa mai danshi, da warin laka, da hayaƙin masu bandar kifi. Kwaɗi sun fara. Can nesa ladan ya ɗaga murya a cikin gari. Hanya ta riƙa rabuwa biyu a idonsa tana komawa ɗaya.

Sai ya hangi mutum tsaye gindin wani gawo. Tsohuwar rigar kaki, hula a karkace. Tsayuwar Mato ce sak.

Bai ɗaga hannu ba. Illo dai ya rage gudu, don tsayawa cak ba ta yiwuwa a wannan yashi. Kafin ya miƙa hannu ya buɗe ƙofa, mutum na zaune kusa da shi. Ya yi masa sallama, bai ji amsa ba, ya ce ƙarar inji ce ta haɗiye ta.

Kai, mai gajiya ba ya bincike. Illo bai tambayi abin da ya kawo Mato bakin tafki da almuru ba. Daɗi ne kawai ya kama shi, ya samu wanda zai zazzage wa cikinsa. Ya ba shi labarin bayansa da ya ƙage, da ƙafarsa da ke kumbura, da yadda yake ratsa Madarumfa ya ga katangar gidansa ba halin ya leƙa. Ya ce matarsa Kulu takan tsaya bakin hanya da ƙwaryar fura, ya karɓa ta taga mota na tafiya. Ya zagi Alhaji, ya yi istigfari, ya sake zaginsa. Warin laka kuwa sai ƙaruwa yake a cikin motar.

Can ya ji murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

"Ka gaji, Illo. Kawo in karɓe ka."

Bai yi shawara ba. "To, ɗan'uwa," ya ce. "Allah ya saka."

Suka yi musanya yadda suka saba, mota na tafiya: Illo ya zame ta ƙasa, wancan ya tsallaka ta samansa. Ya ji sanyi ya shafi ƙirjinsa, amma bai ji nauyin kowa ba. Ya so ya yi tunanin abin. Kansa na taɓa ƙofa, shi ke nan.

Bai taɓa yin barci mai daɗin wannan ba tun da uwarsa ta sauke shi daga goyo.

Shiru ne ya tashe shi.

Inji ba ya ƙara, amma mota na tafiya. Ba rami, ba girgiza. Fitilu na haska wani abu kore-kore mai kauri. Ciyawa doguwa na lanƙwasa tana shafar gilashi. Wani abu mai gashin baki ya zo ya leƙo, ya kaɗa wutsiya ya wuce. Tarwaɗa ce.

Sanyi ya kama idon sawunsa. Ya duba. Ruwa.

Daga baya, kan lodi, ana ɓarar gyaɗa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ba baki ɗaya ba, ba goma ba. Ana taunawa ana raɗa.

Ya juya a hankali ya dubi mai tuƙi. Ƙafafunsa ba sa taka komai. Yatsunsa sun naɗe sitiyari sun zagayo sun sake naɗewa. Sai a lokacin Illo ya tuna tun da mutumin ya shigo bai kalli fuskarsa ba.

Hular tana nan. Ƙarƙashinta sumul, kamar bayan ƙwarya.

"Koma barci," in ji muryar. "Ba mu isa ba."

"Ina za mu?"

"Inda ake sauke namu kaya."

Ruwa ya kai gwiwa.

Illo ya nemi a'uziyya, harshe ya ƙi ɗagawa. Abin da ya fi ba shi tsoro ba fuskar ba ce. Barcin ne. Yana jan sa, mai laushi, mai ɗumi, kuma zuciyarsa na so. Idonsa ya fara rufewa.

Ya tuna Kulu tsaye da ƙwarya.

Ya gantsara wa harshensa cizo. Jini ya cika masa baki.

"Bismillahi!"

Ya cafki burkin hannu ya fizga da duk ƙarfinsa. Ɓarar gyaɗa ta tsaya cak. Ya daki ƙofa da kafaɗa. Ta ƙi. Ya sake. Ta buɗe, ruwa ya kwashe shi.

Yana nitsewa ya ji muryar, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Na karɓe ka, Illo. Saura kai."

Masunta ne suka jawo shi. Abin mamaki, sauran jan rana na nan a sama, mutanen gari ko sallame magariba ba su yi ba. Motar kuwa tana bakin tafki, ta kafe a laka har ciki. Buhunan sama a ɗinke suke tsaf, amma da aka farke sai ɓawo zalla. Da labari ya kai Maradi, Alhaji buhunan ya fara tambaya. An aika garin Sarkin Yamma, aka tarar da Mato lafiya lau. Ya rantse ranar yana wurin ɗaurin damman gero, bai ko kalli hanyar tafki ba.

Illo ya aika wa Alhaji makullinsa, ya ce ya bar tuƙi har abada. Kulu ta share ɗaki, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta kori kaji daga tsakar gida don kada su dame shi. Bawan Allah ya kwanta yana murmushi.

Barci na ɗaukarsa hannuwansa suka tashi sama suka riƙe abin da ba a gani. Ƙafarsa ta dama ta shiga taka iska. Gumi ya riƙa tsatstsafo masa. Kulu ta kama hannun ta ja, ya ƙi sauka. Da ya farka tafinsa duk bororo, jikinsa na warin laka, gajiyarsa ta ninka ta jiya. Ya ce hanyar can ba ta da gari, ba ta da mahaɗa, tafiya ce kawai, ga wani a gefensa ya jingina da ƙofa yana minshari.

Haka kullum, dare ko rana, muddin ya runtsa. Aka sha rubutu, aka yi sadaka. Daga ƙarshe Kulu ta kai shi wani ƙauye gun Inde, tsohuwa ƴar bori. Ta saurara har ya gama, ta tambaye shi abu ɗaya: da bakinsa ya ce to? Ya ce da bakinsa. Ta ce ai kuwa ba zaluntarsa aka yi ba, ka'idarsu ta direbobi aka bi. Zai yi ta riƙe wa wancan tuƙi har wancan ɗin ya farka. Illo ya tambaya yaushe ke nan. Tsohuwa ta ce barcin iskoki ba irin namu ba ne, wani yakan kwanta jariri na goye, ya tashi jaririn ya yi furfura.

Kulu ta yi kuka a hanyar komawa. Shi bai yi ba, ƙarfin kukan ma babu.

Da kaka ta zagayo ya tafi Maradi, ya durƙusa gaban Alhaji Shu'aibu ya roƙi a mayar masa da makulli. Ya ce a ba shi hanya mafi nisa, wadda ba a tsayawa. Tuƙin ido biyu ya fi masa sauƙi, ko ba komai akwai gari a gaba, akwai Kulu bakin hanya.

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Duk direban da ya zo masa da kukan gajiya, sai ya nuna Illo ya ce ga namiji nan, bai taɓa roƙon a bar shi ya kwanta ba.